Motar da Lasifika Ta Ƙi Shiga

"Yaya, ki sauko daga kan bencin nan kafin ya karye da ke," na ce mata.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta dafa kafaɗata da hannun hagu, na dama kuma tana nuna ƙofar babban asibiti da shi, inda masu gadi biyu suka tsaya suna kallonmu kamar an kawo musu wasa kyauta.

"Injin wankin ƙoda huɗu ne a cikin ginin nan!" ta ce, muryarta na dukan katanga tana dawowa. "Ɗaya ke aiki. Sauran ukun an lulluɓe su da farin ƙyalle, sun fi marasa lafiya samun hutu. Wanda ya ce ƙarya nake yi, ya buɗe mana ƙofa mu shiga mu gani!"

Mutane suka ɗauki sowa. Mai Aski, wanda daga shagonsa aka ɗauko bencin, ya ɗaga kwalin da ya rubuta buƙatunmu a kai sama har hularsa ta faɗi. Ni kuwa ƙafafunta nake kallo, don su ne kusa da idona. Sun kumbura sun cika silifas, har naman ya zubo ta gefe. Da ta gama na taimaka mata ta sauko, sai na ji nauyinta duka a kaina, numfashinta na fita guntu-guntu.

"Na yi ƙoƙari?" ta tambaye ni.

"Kin yi. Mu tafi gida."

"Sai an fito an yi mana magana."

Ba wanda ya fito. Da rana ta yi zafi muka watse, Mai Aski ya ɗora bencinsa a ka yana cewa gobe gwamnati ce za ta biya shi askin da ya rasa.

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da nata a gidan hayar da muke, bangon kuma ba wani bangon kirki ba ne. Ni ɗinki nake yi, kekena na bakin taga. Ita tana da teburin kayan miya a bakin lungu, tun bayan da masaƙar da ta ƙarar da ƙuruciyarta a ciki ta rufe. A masaƙar ta samo muryar. Wanda ya yi shekaru cikin ƙarar injina ba ya sake iya magana a hankali. Ko sirri za ta faɗa miki, sai mai shagon bakin titi ya ba da nasa ra'ayin. Yara suka sa mata Lasifika, manya suka ɗauka, ita ma ta karɓa. 'Yarta ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ita kaɗai ke jin haushin sunan.

Harkar asibitin ba da shiri ta fara ba. Wata rana ta je ƙaramin asibitin unguwa karɓar maganin hawan jininta, ta tarar da kwaɗo a ƙofa da rana tsaka. Maimakon ta juyo kamar yadda muke juyowa, sai ta zauna a dakalin ƙofar ta ce ba inda za ta. Wata mai goyo ta zauna kusa da ita, sai wani tsoho mai ciwon suga. Kafin yamma wurin ya cika, har kansila ya zo da kansa yana ba da haƙuri. Daga nan aka fara taron ranar Asabar a barandar makarantar firamare. Ta bi gida-gida tana tambayar kowa abin da ya same shi a asibiti. Ta addabi masu shirin safe na rediyo da kira, har suna gane ta kafin ta gama gaisuwa. Ni keken ɗinki ne ya ja ni ciki: ta kawo mini yadi ta ce in ɗinka abin da za a rubuta buƙatu a kai, tun daga ranar ban sake mallakar Asabar ɗina ba.

An kuwa samu wani abu. Kwaɗon ya bar ƙofa, aka turo likita yana zuwa wasu ranaku, magani ma yakan zo ya ƙare ya sake zuwa. Sai dai shekarun da ta yi tana shan magani yau, gobe babu, sun riga sun yi aikinsu. Likitan da ta yi faɗa aka kawo, shi ne ya fara gaya mata cewa ƙodarta ta gaza.

Haka ta shiga layin babban asibiti. Wanda ya kamata a yi masa wanki sau biyu ko uku a mako, sai ya yi sa'a yake samun ɗaya. A kan dogon bencin jira ta yi sababbin dangi: wata Malama mai ƙananan yara, wadda ke zuwa da littattafan ɗalibanta tana dubawa, da wani Bakanike mai gyaran babur da ba ya iya riƙe sufana saboda kumburin hannu. Ba a jima ba ta mayar da bencin jiran wurin taro. Bayan zaman da muka yi a ƙofar asibitin, majalisar gari ta yarda za ta saurare mu, kuma kowa ya san wadda za ta yi magana.

Ana saura mako guda zaman, baƙo ya zo. Motarsa ba ta iya shiga lungunmu ba, sai ya bar ta a titi ya tako, yana ɗaga ƙafar wandonsa saboda ruwan kwata. Mai taimaka wa shugaban hukumar lafiya ne, mutum mai sanyin magana. Auta, wadda ta baro gidan mijinta da tsohon cikinta ta dawo jinya, ita ta ba shi kujerar roba. Lasifika ta buga bango ta ce, "Tela, zo ki ji da kunnenki."

"Mama, Shugaba ya ji halin da kike ciki, kuma abin ya dame shi," in ji baƙon. "An samar miki gado a wani asibitin kuɗi a babban birni. Wanki yadda likita ya ce, ba layi, ba jira. Ba abin da za ku kashe. Gobe da safe mota za ta zo."

Na ga Auta ta dafe ƙirji. Idonta ya kawo ruwa, ta fara godiya tun kafin ya rufe baki.

Lasifika ta gyara filon da ke bayanta. "Ɗana, mutum nawa motar take ɗauka?"

"Ke da mai jinyarki, Mama."

"Akwai wata Malama, tana gabana a layi. Akwai Bakanike, shi ma yana gabana."

"Mama, ba za a iya kwashe kowa ba."

"To a gyara injinan, kowa ya zauna a garinsu."

"Ana kan maganar."

"Ranar zaman majalisa fa? Motar za ta dawo da ni?"

Ya dubi takalminsa. "Lafiya ai ita ce uwar jiki, Mama. Majalisa ba za ta gudu ba." Sannan ya ƙara da wata murya dabam, wadda ba ta ofis ba. "Ciwon nan ne ya tafi da mahaifina. Da ni ne ke, wallahi zan shiga motar."

Har yau ban san ko don a rufe mata baki aka yi tayin ba, ko kuwa tausayi ne, ko duka biyun a haɗe. Ita dai ta ce ya gode wa Shugaba, ya gaya masa za su haɗu a majalisa.

Baƙon bai kai titi ba Auta ta fashe.

"Mama, kina da hankali kuwa? Allah ya kawo miki mafita har ɗaki, kin kore ta!"

"Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski."

"Ki yi masa askin mana! Ki aske shi tas! Ni uwa nake so, ba karin magana ba." Ta juyo gare ni. "Anti, ki yi mata magana. Ke take ji."

Na zauna a bakin gado na ce, "Yaya, ki tafi. Mai Aski zai yi maganar, ko ni in yi. Ki je a wanke miki jinin nan, ki dawo da ƙarfinki ki ci gaba da damun su."

"Tela, in na shiga motar nan, gobe duk matar da ta fito ta ɗaga murya, za a ce tata motar take nema. Kuma da wane ido zan kalli Malama?"

"Malama da kanta za ta ce ki tafi."

"Na sani. Shi ya sa ba zan tambaye ta ba."

Na yi magana har bakina ya bushe. Mijin Auta, direban babbar mota ne, ya kira daga kan hanya ya roƙe ta. Washegari motar ta zo duk da haka, ta tsaya a bakin lungu injinta na aiki. Auta ta haɗa jaka ta ajiye a ƙofar ɗaki, ta tsaya a kanta tana kuka ba sauti. Lasifika ta juya fuska ga bango. Direban ya jira iya jiransa, ya yi hon sau ɗaya, ya tafi.

Ranar zaman, a bayan a-kori-kurar wani mai kai kaya muka ɗauke ta, an shimfiɗa mata katifa. Zauren majalisa sanyi ƙalau, kujeru masu laushi, kowane ɗan majalisa da robar ruwa a gabansa. Mu muka cika baya, wasu a tsaye. Da aka kira ta, wani ya miƙo mata makirfo. Mai Aski ya ce daga bayan zauren, "Ku bar abinku, da nata ta zo!" Aka yi dariya. Amma ta miƙa hannu ta karɓa, kuma a lokacin ne na gane yadda jikin ya yi nisa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ba su labarin kwaɗon da ta tarar, da na bencin jira, da yadda Bakanike ke cewa yana jin ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa idan wanki ya yi masa nisa. Ta ce ba alfarma muka zo nema ba: a gyara injinan, a ajiye wanda zai riƙa duba su, maganin hawan jini da na suga kada ya yanke a ƙananan asibitoci, don kada mutane su kai inda ta kai. Tana tsayawa tana neman numfashi, zauren kuma ya yi tsit yana jiran ta. Da ta gama aka tafa, har da Shugaba. Aka ce za a kafa kwamiti.

"Kwamiti," in ji Mai Aski a hanyar dawowa. "Wato an sa maganar a firji."

Ita kuwa ta rufe ido, kanta na kan cinyata, motar na girgiza mu.

Bayan nan abin ya yi sauri. Injin ɗayan ma ya tsaya na wasu kwanaki, layi ya ƙara tsawo. Auta ta kira lambar baƙon nan ba tare da ta gaya wa kowa ba, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Daga baya ya zo da kansa da ledar lemo, ya tsaya a tsakar gida bai shiga ɗakin ba, ya ce wa Auta an riga an ba wani gadon, shi kuma ba shi da ikon buɗe maganar. Na ga kunya a fuskarsa. Auta ta karɓi ledar ta ajiye a bakin famfo, a nan lemon ya bushe.

Na daina kunna keke saboda ƙararsa na damun ta. Sai in ɗauki aikin hannu in shiga ɗakinta in zauna. Ɗakin bai da yawa: gadon ƙarfe, kabad mai madubi da ya tsage a kusurwa, rediyo a kan taga, robobin magani a cikin faranti. Teburin kayan miyan an shigo da shi an jingine a bayan ƙofa. Wata ranar da yamma ina sa maɓalli a 'yar rigar jariri da ta sa ni in ɗinka, sai ta miƙo hannu. Na ba ta. Ta sa yatsu biyu a cikin hannun rigar, ba su shiga ba saboda kumburi.

"Tela."

"Na'am, Yaya."

"Da na shiga motar nan."

Na ajiye allura.

"Ba wai na yi kuskure ba," ta ce. "Daidai na yi. In aka sake kawo ta, wataƙila in sake korar ta, kin san halina. Amma daidai ɗin nan ba zai bar ni in goya jikana ba. Na ɗauka zan kai. Wallahi na ɗauka jikin zai jira ni, kamar yadda ya saba."

"Za ki kai, da yardar Allah."

"Ke ma kin koyi maganar 'yan kwamiti." Ta yi ɗan murmushi. "Na tsaya wa 'ya'yan kowa, tawa na bar ta da jaka a bakin ƙofa."

Sai a lokacin na lura da Auta a bayan labule, da kwanon ruwan ɗumi a hannu. Ban san tun yaushe take tsaye ba. Ta shigo ta durƙusa da ƙyar saboda cikin, ta jiƙa tawul ta fara goge wa uwar ƙafafu. Lasifika ta ɗora hannu a kanta. Na jira ɗayarsu ta ce wani abu.

"Mama, lokacin maganinki ya yi," in ji Auta.

"To, 'yar nan."

Shi ke nan abin da suka ce.

Ta rasu da hantsi, ranar wata Asabar, mutane na can barandar makaranta suna jiran in kawo musu labarin jikinta. Tun safe ba ta gane kowa sosai ba. Ta yi ta motsa yatsu a kan bargo kamar mai ɗaura zaren da ya tsinke a masaƙa. Auta na riƙe da hannu ɗaya, ni ɗaya. A waje wata maƙwabciya na tara ruwa a bokiti, muna jin sautinsa yana canzawa yayin da yake cika. Kafin ya cika ta tafi.

Lungunmu bai taɓa ganin jama'a irin ta ranar ba. Malama ta zo, an riƙo ta. Kansila ya zo. Shugaba ya aiko da saƙo a rediyo, ya kira ta uwar al'umma.

Bayan 'yan kwanaki 'yan taro suka zo gaisuwa, Mai Aski a gaba. Bayan addu'a ya yi gyaran murya ya ce suna so a ba su hotonta, a buga a babban ƙyalle, a kai ƙofar majalisa. Ya ce yanzu ne ƙarfe ya yi zafi.

Auta ta dube shi ta ce, "Baba, kun samu muryarta, kun samu ƙafafunta, kun samu ƙodarta. Fuskar ku bar mini."

Mai Aski ya cire hula ya mayar, ya ce gaskiyarta ne, suka fita ɗaya bayan ɗaya. Ni ma daga ranar Auta ta rage mini magana. In mun haɗu a bakin famfo ta gaishe ni kamar baƙuwa. Ban ga laifinta ba. A idonta duk wanda ya taɓa riƙe ƙyallen buƙatun nan yana da hannu a mutuwar uwarta. Ba a daɗe ba mijinta ya zo ya tafi da ita, ta kulle ɗakin.

Taro bai mutu ba, ko da yake ya rame. Muka ci gaba da zuwa majalisa ba hoto, muka ci gaba da kiran rediyo. Bayan wasu watanni aka gyara inji biyu, aka ɗauki hoton Shugaba yana danna maɓalli. Na ukun har yanzu yana ƙarƙashin ƙyallensa. Malama na samun wankinta, ta koma aji. Bakanike bai kai ba. Wasu a taro suna cewa ba don Lasifika ta ƙi motar ba, da ba a gyara komai ba. Wasu, a ɓoye, suna cewa da ma an yi niyyar gyarawa saboda zaɓe ya matso. Ni ba na shiga wannan gardama. Na san abin da ta gaya mini, kuma na san ba ya cikin abin da ake so a ji a taro.

Da mai gida ya matsa yana son ɗakinsa, Auta ta zo kwashe kaya, da jaririya a kafaɗa. Mace ta haifa. Ta tsaya a ƙofata ta ce, "Anti, ƙura za ta yi yawa a can." Na karɓi yarinyar na kwantar da ita a kan tarin yadin da ke gefen kekena, ta ci gaba da barcinta.

Auta ta wuni tana aiki ita kaɗai. Ban ce zan taya ta ba, ita ma ba ta nema ba. Ta fitar da kabad, ta kwance gadon ƙarfe, ta wanke labule da zannuwan gado ta shanya a igiyar tsakar gida. Can da yamma hadari ya haɗo ba zato, iska ta fara kaɗa ƙofofi. Na fito da gudu, ita ma ta fito. Muka kwashe ƙananan, ya rage babban zanen gado, iska na cika shi tana sakewa. Ta kama gefe ɗaya, na kama ɗaya, muka ja shi zuwa ƙarƙashin rumfa daidai lokacin da ruwan ya sauko a kan kwano.

Ya bushe sarai, har da ɗumin rana a jikinsa. Muka ja da baya ya miƙe, muka haɗa kusurwa da kusurwa. Ta tako zuwa gare ni ta ba ni nata gefen, ta sunkuya ta ɗauko ƙasan, muka sake ja da baya. Da ya zama ƙarami, ya rage a hannunta, ba ta kai shi cikin kaya ba. Ta zauna a dakali ta ɗora shi a cinya, ta matsa ta bar mini wuri. Muka zauna muna kallon ruwa yana zuba daga indararo.